Karɓar ɗan kare daga hannun mariƙiya: amsa ga wata uwargida a Maradi

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina zaune a unguwar Zariya tare da maigidana da yaranmu uku, babban yana da shekara 11, autar kuma 4. Wata ƙawar yayata, tsohuwar malamar makaranta, ta tsinci wani ɗan kare a bakin kwalbati bayan wani ruwan sama na watan Agusta, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Ta yi jinyarsa mako shida, yanzu ya murmure, amma tana da nata karnuka biyu, shi ya sa take neman wanda zai karɓe shi. Ƙaramin jiki gare shi da yawan gashi, da alama yana da jinin karnukan Turawa. Yara sun gan shi sun nace, maigida kuma ya ce idan dai zai yi haushi da dare bai hana ba. Shin akwai hatsari? Me ya kamata in bincika kafin in kawo shi, kuma yaya zan riƙe shi?

Amsa: Hajiya, barka kadai, Allah ya raya zuri'a. Za ki iya karɓar wannan ɗan kare, amma ba yau ba, kuma ba don yara sun nace ba. Hausawa na cewa tsintacciyar mage ba ta mage, sai dai a cikin aikina na ga tsintattun karnuka da dama waɗanda suka zama na kirki a gidajen da suka shiga, kuma yawancinsu sun fara bi ta hannun wani mai haƙuri kafin su isa gidan da suka zauna. Mu da muka san riƙo mun san cewa mai son jin halin yaro, wadda ta riƙe shi yake tambaya. Makon nan shida da karen ya yi a gidan Malama shi ne kaɗai tarihinsa da ke hannunmu, abin da ba za ki taɓa samu ba a wurin mai tallar kwikwiyo a cikin kwali ko a bakin titi. Saboda haka aikinki na farko a gidanta yake. Ki je sau biyu aƙalla, zuwan farko kuma ki bar yara a gida, domin su da ido suke yanke hukunci, ke kuwa tambaya za ki je yi.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: ranar da aka tsince shi, akwai rauni a jikinsa? Ki nemi ta tuna da kyau, ko akwai huda biyu kusa da juna a wuya, a kunne, a cinya ko a gindin wutsiya, irin wadda fiƙar wani kare ke bari. Dalilin tambayar shi ne ciwon haukar kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutane kimanin dubu 59 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda dabbar da ake zargi ke ciza yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Kusan kowane mutum da ya kamu, daga kare ya samo shi. Ƙwayar cutar tana shiga ta yawu, ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, kuma a duk tsawon wannan tafiya dabbar lafiya lau take a ido, tana ci tana wasa tana kaɗa wutsiya. Da zarar alamu sun bayyana, a mutum ne ko a dabba, sai dai a yi haƙuri, domin babu magani.

A nan ne mutane suke haɗa lissafi biyu da ba ɗaya ba ne, kuma ina so ki raba su. Kin sha jin ana cewa a sa wa kare ido kwana goma. Wannan kwana goman na karen da ya ciji mutum ne: idan ya cika kwana goma bayan cizon yana nan da ransa da lafiyarsa, to a ranar da ya yi cizon babu cutar a yawunsa. Amma kwana goma ba ya nuna cewa babu cutar a kwance cikin jikinsa. Karen da mahaukacin kare ya ciza yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin abin ya fito, har ma Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta ɗauki wata shida a matsayin wa'adin da ake lissafi da shi. Ke nan mako shida a hannun Malama ya rage tsoro, bai kore shi ba. Idan ta tabbatar miki cewa babu rauni ko tabon cizo a ranar da ta ɗauke shi, kuma tun daga lokacin bai fita ya cuɗanya da karnukan waje ba, hankalina zai kwanta matuƙa. Idan kuwa ta ce akwai cizo, ko ta ce ya taɓa kuɓucewa ya dawo da jini a kunne, shawarata ita ce kada ya shiga gida mai yarinya ƴar shekara 4 sai wa'adin nan ya cika, yana killace, likitan dabbobi yana dubawa. Allurar rigakafi ba a dogara da ita wajen kashe cutar da ta riga ta kama hanya a jijiya.

Ki kuma tambayi halin karnukanta biyu: an yi musu allurar haukar kare, kuma yaushe? Kada ki wadatu da "an yi", ki nemi ganin ɗan littafin rigakafin, wato karne, wanda a ciki ake manna takardar kwalbar maganin, a rubuta kwanan wata, a buga hatimi. Wannan ba rashin yarda ba ne, kuma macen da ta yi jinyar tsintaccen kare mako shida ba za ta ji haushin tambayar ba.

Akwai wani abu game da wannan ciwo da nake so kowa a gidanki ya sani, har da mai aiki. Ba kowane mahaukacin kare ne ke gudu yana cizon duk abin da ya tarar ba. Akwai wanda yake yin shiru, muƙamuƙinsa na ƙasa ya saki, yawu na dalala, muryarsa ta canza, ya kasa haɗiye ruwa. Mai tausayi sai ya ce ƙashi ne ya maƙale masa a maƙogwaro, ya sa hannu cikin bakin don ya ciro. An taɓa kawo mini irin wannan karen a bayan babur, mai shi yana riƙe da bakinsa da hannu biyu, ga tsagar kaushi a yatsunsa, kuma kafin in duba karen sai da na tura mutumin famfo da sabulu. Ƙa'idar cizo ko yaƙushi, ko lasar wurin da fata ta fashe, ita ce a wanke da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15 cur, a duba agogo, sa'annan a tafi asibiti a ranar, a nemi allurar bayan cizo. Ba a jiran kwana goman nan kafin a fara allura. Ana farawa, idan karen ya cika kwanakin lafiya likita ya yanke shawarar tsayarwa. Ki gaya wa yaranki da bakinki cewa duk wanda kare ya ciza ko ya yaƙusa ya zo ya faɗa, ba za a doke shi ba. Yara da yawa tsoron bulala da tsoron allura ke sa su rufe ciwon da riga.

Sai shekarunsa. Ƙaramin jiki yana ruɗi, domin abin da kike gani kamar kwikwiyo yana iya zama baligin kare ɗan shekara uku wanda iyakar girmansa ke nan. Haƙora ne ke faɗin gaskiya. Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, farare sirara masu tsini kamar allura, suna fara zubewa wajen wata huɗu, kuma kafin ya cika wata bakwai manyan haƙora 42 sun gama fitowa. Idan aka ɗaga leɓensa aka ga manyan haƙora cikakku sun fara yin tsatsa a gindi, ya wuce shekara. Tun da an ɗaga leɓen, a duba dasashi: ya kamata ya zama ja-ja mai danshi, idan aka danna da yatsa ya yi fari ya koma kalarsa cikin daƙiƙa biyu. Dasashi fari fat alamar ƙarancin jini ce, kuma a wajenmu sau da yawa tsutsar ciki ce ko ciwon da kaska ke sakawa.

Sanin shekarun ne zai tsara allurai. Ta haukar kare ana yin ta daga wata uku, a maimaita bayan shekara, kuma sai ta yi kamar mako uku zuwa huɗu a jiki kafin a ce ta kama. Akwai kuma allurar haɗaka wadda ke kare shi daga cututtuka biyu da suka fi kashe ƙananan karnuka. Ɗaya ita ce farbo, mai zuwa da amai da zawo na jini mai ƙarni, wadda ke iya kashe kwikwiyo cikin ƴan kwanaki, ƙwayarta kuma tana zama a ƙasa wata da watanni, sabulu ba ya kashe ta sai ruwan jabel, wato bilic. Ɗayar kuma a makarantunmu na Faransanci ana kiran ta ciwon Kare, ba don kare ba, sai don sunan likitan dabbobin Faransa da ya gano cewa ƙwayar bairos ce ke kawo ta a 1905 ya zo daidai da haka, abin da yake ba ɗalibai Hausawa dariya a kowace shekara. Tana farawa da kwantsa da majina da tari, ta ƙare da karkarwa da farfaɗiya. Idan kwikwiyo ne, ana fara allurar haɗakar daga mako shida zuwa takwas, a riƙa maimaitawa duk bayan mako uku ko huɗu har ya cika mako 16. Ki yi allurar a wurin likitan dabbobi ko ofishin ma'aikatar kiwo, inda ake ajiye ta cikin sanyi. Kwalbar da ta yini a aljihun wani a ranar Maradi ta zama ruwa kawai.

Tsutsar ciki kuwa ki ɗauka yana da ita, domin da wuya a tsinci kare a titi babu. Ki tambayi Malama wane magani ta ba shi da kuma yaushe, a sake ba shi gwargwadon nauyinsa bayan an ɗora shi a sikeli, sa'annan a riƙa maimaitawa duk wata uku. Ki ratsa gashinsa da yatsu, ki duba cikin kunne da tsakanin yatsun ƙafa, nan kaska ke ɓuya. Tun da a damina aka tsince shi, ki kuma shafa cikinsa da hamatarsa ko za ki ji ƙurji mai tauri da ƴar ƙofa a tsakiya. Wani ƙuda ne ke yin ƙwai a yashin da fitsari ya jiƙa, tsutsar ta huda fata ta zauna. Idan aka toshe ƙofar da man basilin sai ta leƙo don neman iska, a matso ta a hankali.

Ina roƙon ki kada a yi masa wanka da piya-piya ko maganin feshin gona ko na kaskar shanu. Wani magidanci ya taɓa shigo mini da kwikwiyo a naɗe cikin zani, jikinsa na rawa, yawu na kumfa, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, warin maganin ya cika ɗakin. Ƙuma ya gani, ya ɗiga maganin a ruwan wanka da kyakkyawar niyya. Mun wanke shi da sabulu sau uku, muka yi masa allurar atirofin mai karya irin wannan guba, Allah ya sa da sauran kwanansa. Karen da bai wuce kilo huɗu ko biyar ba, abin da bijimi ba zai ji ba shi yake kashe shi. Haka maganin ciwon jiki na mutane, musamman ibufurofen, yana huda masa ciki ya lalata ƙoda.

Maganar maigida ta haushi tana da muhimmanci fiye da yadda ya faɗe ta, domin ita ce ke ba karen dalilin zama a gidan. Fatawa ta malamai ce, kuma ina ba ki shawara ku tambayi limaminku, amma abin da kowa ya sani shi ne hadisi ya yi izinin riƙe kare don farauta, kiwo da gadin gona, ya kuma yi gargaɗin raguwar lada ga mai riƙe shi ba da dalili ba, malamai da yawa kuma sun haɗa gadin gida da waɗannan idan akwai buƙata. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa da huffinsa kuma ya isa shaida ga abin da Malama ta yi. A aikace wannan yana nufin wurinsa tsakar gida ne ko kusa da zaure, da kwanonsa da ba ya haɗuwa da na mutane, ba ɗakin kwana ko wurin salla ba. Ku kuma san abin da za ku samu: ƙaramin kare ƙararrawa ne, yana da kunne da baki, zai tashe ku idan an taɓa ƙofa ko an dira ta katanga, amma ba zai kama ɓarawo ba. Ki tambayi Malama ko yana yin haushi idan baƙo ya yi sallama. Wasu tsintattun karnuka da suka sha jifa sun koyi cewa shiru ne ke tsirar da su, kuma sai bayan watanni muryarsu ke dawowa.

A zuwanki na biyu ki tafi da yaran, ki zauna ki kalla. Ki ga ko shi yake zuwa wurinsu ko maƙalewa yake a bayan randa. Ki sa Malama ta ajiye masa abinci ta wuce ta gefensa, ki ga ko zai daskare ya yi gurnani. Ki tambaye ta yadda yake da kaji da awaki, domin a unguwannin Maradi da wuya gida babu kaza ko jar akuya, kuma kare mai bin kajin maƙwabta ƙarshensa shinkafar ɓera ce a cikin loma. Ki tambayi yadda yake da almajirai masu zuwa ƙofa da kwano, da maza masu riƙe da sanda. Autarki ita ce abin lura, saboda fuskarta daidai bakinsa take, kuma ƙanƙantarsa za ta sa ta ɗauke shi kamar ƴar tsana, ta matse shi, ta goya shi. A hana taɓa shi yana cin abinci ko yana barci, kuma kada a bar su su biyu babu babba. Idan ya yi gurnani a janye yarinyar, kada a doke shi, domin gurnani sanarwa ce, karen da aka hana sanarwa kuwa cizo yake yi ba sallama.

Ranar ɗauko shi ki roƙi Malama buhu ko tsumman da yake kwana a kai da kwanon da ya saba, kuma ku ci gaba da kiran sa da sunan da ta sa masa. Kwanakin farko zai iya ƙin abinci, ya ɓuya, ya yi kuka da dare, ya yi fitsari inda bai kamata ba. Wannan baƙunta ce, tana wucewa. A riƙa kai shi wuri ɗaya bayan kowane cin abinci da kuma da asuba, a kwashe kashin kullum a binne ko a zuba a masai, yara kuma su wanke hannu da sabulu bayan wasa da shi.

Abincinsa ki fara da irin wanda ya saba, ki sauya a hankali cikin mako guda. Tuwo ko shinkafa kaɗai ba sa riƙe kare, sai an haɗa da dafaffen nama, kifi marar ƙaya, ƙwai ko dafaffen wake. Kwikwiyo sau uku ko huɗu yake ci a rana, babba sau biyu. Ragowar miyarmu ba ta dace da shi ba, domin albasa da tafarnuwa suna fasa masa ƙwayoyin jini, kuma ƙaramin jiki ba ya buƙatar mai yawa kafin abin ya taɓa shi. Goro da cakulan suna da sinadarin da ke hargitsa masa zuciya, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya soki hanji. Abin da na fi jaddadawa shi ne ɗanyen kayan ciki, musamman lokacin layya. Idan mahauci ya ga ƙullutu mai ruwa a huhu ko hantar rago, ya kan yanke ya jefa wa kare, alhali cikin ƙullutun nan ƴaƴan wata tsutsa ne da ke girma a hanjin kare, ƙwanta ya fita ta kashi ya manne a gashi, ya bi hannun yaro zuwa baki, bayan shekaru a sami irin wannan ƙullutu a hantar mutum, wanda sau da yawa sai da tiyata. Irin wannan nama a ƙone shi ko a binne da zurfi, sauran kayan ciki kuma a dafa kafin a ba shi.

Bazara ita ce jarrabawar kare mai gashi a garin nan, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi. Ya samu inuwa ta gaske, ƙarƙashin dogon yaro ko rumfar zana, da ruwa a kasko na ƙasa wanda ba ya ƙarewa, kuma kada a ɗaure shi da gajeriyar sarƙa inda inuwa za ta gushe ta bar shi da azahar. A rage gashin da almakashi, a riƙa taje shi don kada ya cukurkuɗe, amma kada a aske shi ƙwal. Idan ya kai wata shida zuwa sama ku yi shawara da likita kan fiɗiya, domin tana rage masa yawon bin mata, inda ake samo cizo da kuma wani ƙari mai jini da karnuka ke ɗauka ta barbara. Ba ta hana shi haushi.

Kafin ki ɗauke shi, ku yi magana a fili da Malama cewa idan bayan wata ɗaya ko biyu zaman bai yiwu ba, gidanta zai koma har a sami wani, ba bakin gulbi ko bayan tasha ba. Idan kin shirya, ki kawo mini shi da safe kafin rana ta yi zafi, tare da Malama idan za ta samu zuwa, da karne ko kwalin duk maganin da ta taɓa ba shi. Ki riƙe shi a hannu ko cikin kwali, kada ki sauke shi a ƙasan wurin jira, domin karnuka marasa lafiya sun taka wurin kafin ku iso.